Motar da Nata'ala Ya Koya wa Harbi

Ƙara ta uku ce ta fito da ni waje da ludayi a hannu. Ta farko da ta biyu na daure, amma da ta ukun ta tashi, tau-tau-tau, sai na ji wani abu ya faɗi a ɗakin baƙi. Na leƙa na tarar da Zipporah, ƙanwar mijina, a ƙarƙashin gado, ta toshe kunnuwa da zani. Shekara guda ke nan da ta iso mana daga Mubi, bayan kwana huɗu tana ratsa daji a ƙafa lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. Har ranar nan ba a ga mijinta ba.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba na zagaya garejin Nata'ala, wanda katanga ɗaya ta raba mu da shi a unguwar Gwadabawa, nan Jimeta. Yana tsugune a bayan wata mota ruwan ɗorawa mai ƙofa biyu, wadda ke kwance a ƙasa kamar kunkuru, ya kai kunne kusa da salansa yana murmushi. Mai motar, wani yaro Najmuddeen ɗan gidan wani ɗan kwangila, yana zaune a ciki yana taka totur yana saki, abokansa biyu suna ɗauka a waya.

"Nata'ala, kashe wannan abu," na ce. "Ka kashe shi yanzu ko na zuba mishi ruwan miya a ciki."

Ya ɗaga hannu, yaron ya kashe. Sai a lokacin na ji yadda unguwa ta yi tsit. Mai ƙosai ta tsere ta bar kasko a wuta. Wata biyar kacal da tashin bam a kasuwa, kowa a Jimeta kunnensa a buɗe yake, ko taya ce ta fashe sai ka ga mutane sun watse.

Shekara goma sha shida muna maƙwabtaka da mutumin nan, kuma rabin shekarun a faɗa muka yi su. Sauran kanikawa motar da ta lalace suke gyarawa. Shi Nata'ala lafiyayyar mota ake kawo masa ya haukata ta. Ni malamar firamare ce, amma zama kusa da shi ya sa na san turbo, wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi da ke cusa wa inji iska. Wannan motar ya cire mata nata ya sa babba. Ya kwance akwatin giya ya canza haƙora, don ta riƙa zabura daga tsaye. Ya cire salansar kamfani ya sa wata da ya huda. Sannan ya jona wata tsohuwar kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar, ya daidaita ta yadda da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, sauran fetur sai ya fashe a cikin bututun hayaƙi. Wannan fashewar ce harbin da muke ji, kuma da gangan aka yi ta. Duk shi ya zayyana mini ta kan katanga, yana ta washe baki kamar matarsa ta haifi tagwaye, wai daga nan har Kano ba a samun mutum uku da za su iya.

Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Janaretonmu tun bai gama tari ba yake shigowa da sifana. Matarsa Zulfa kuwa Adda take ce mini, wato yaya, yara uku na tsaya a kanta ta haifa. Amma in inji yana kuka, Nata'ala ba ya ji, ba ya gani.

Ranar na wanke su tas, shi da mai motar. Najmuddeen ya fito yana gyara agogo, ya ce in yi haƙuri, ranar Asabar ne ɗaurin aurensa, motar ce za ta ja ayari.

"Madam, sound ɗin ne duka abin. Ina so duk Jimeta su san na fito."

Na ce masa Jimeta ta ji irin wannan sautin, ta binne mutane a kansa. Ya yi 'yar dariya, ya ce ai an ci ƙarfin abin yanzu, ya shiga motar abokinsa suka tafi. Ko a jikinsa. Yaron da lokacin da Mubi ta faɗi yana can makaranta a ƙasar waje, me zai sani?

Bayan la'asar Nata'ala ya yi sallama a ƙofarmu. Ya wanke hannu da omo, ya sa riga mai tsabta, abin da ba ya yi sai Juma'a. Na bar shi ya shigo don ya gani da idonsa. Zipporah tana zaune a ƙasa jingine da bango, kofin ruwa a hannunta yana zuba a zaninta ba ta ma sani ba. Ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ta ƙara maƙalewa a jikin bango.

Daga nan ya ce zai cire harbin, ko yaron ya so ko ya ƙi, sai dai ya kai aikinsa wani waje nan gaba. Amma ba abin da ake yi a tsaye ba ne. Dole ya hau titi, ya ja ta har giya ta huɗu, ya ɗaga ƙafa ya saurara, ya tsaya ya rage a kwamfuta, ya sake ja, har sai ta yi shiru ba tare da ta rasa ƙarfi ba. Ya roƙi in ba shi safiya ɗaya kawai a miƙaƙƙen titin bayan unguwa, inda ya saba gwaji. Can kowa ya san shi. Masu faci da masu shayi har ɗaga masa hannu suke yi, 'yan sintiri ma in sun ji ƙara sai su ce Nata'ala ne da haukarsa.

To amma daga titin nan ana jiyo komai har tsakar gidana. Raina a ɓace yake, kuma na ga ya sauko, sai na ƙara hawa kansa.

"Ko sau ɗaya ban yarda ba. Ka ƙetare gada, ka wuce Girei, ka je inda babu wanda ya san ka, ka yi harbinka a can. In na sake jin shi a nan, ni da kai sai gaban mai unguwa."

"To, Malama," ya ce. "An gama."

Washegari Alhamis da safe, ina shirin tafiya makaranta, na ga sun turo motar da hannu har bakin titi, shi da mai facin kusa, don kada ya tayar da ita a ƙofarmu. Na gani ta taga, ban fita ba. Har na ji daɗi a raina, na ce yau na koya masa hankali.

Abin da ya faru a can, daga bakin Abdurra'uf muka ji, wani direban hanyar Mubi da Nata'ala ke yi wa gyara. Gaba da Girei akwai wani ƙauye da kasuwarsa ke ci ranar, har ta cinye gefen titi. Nata'ala ya taho a guje, ya hango mutane, ya yi abin da duk direban kirki zai yi, ya ɗaga ƙafa. Motar ta saki harbi a jere, har da wuta ta baya. Kasuwa ta yamutse. Aka tattake wata tsohuwa mai nono, rumfuna suka zube. Da ya taka totur ya wuce, da yanzu yana nan yana damuna. Sai ya tsaya, ya fito yana ɗaga hannu yana cewa mota ce, mota ce kawai.

Wani ya leƙa ciki ya ga kwamfuta a kujera, wayoyi sun fito daga cikinta sun shige ƙarƙashin sitiyari. Shi ke nan. Baƙo, da kaya duk baƙin mai, da motar da ba shi da takardunta, da akwati mai wayoyi. Mutanen nan rabinsu gudun hijira ne ya kawo su wurin, sun san abin da akwati mai wayoyi ke yi. Ba wanda ya tambaye shi sunansa. Abdurra'uf ya iso ya tarar an tare hanya, ya kutsa yana rantsuwa da Hausa da Fillanci cewa ya san shi, bakanike ne a Jimeta, har shi ma ya sha sanda biyu a kafaɗa. Kafin a saurare shi an gama da Nata'ala. A bayan motarsa ya kawo shi, ya rufe shi da labulen da wata fasinja ta sayo.

Bayan la'asar aka yi jana'iza. Mijina Hosea ya bi su har maƙabarta. Ni ina tsakar gidan Zulfa ina ɗora tukwane ina saukewa, ina yi wa kowa tsawa, har da waɗanda ba su yi komai ba. Haushin mutanen ƙauyen nake ji, in tuna Zipporah a ƙarƙashin gado sai in rasa inda zan ajiye haushin. Haushin Nata'ala nake ji, mutum da hannu mai albarka haka ya ƙare basirarsa wajen koya wa ƙarfe kukan bindiga. Akwai kuma wanda na fi jin haushinsa, ban dai yarda na kira sunansa ba ko a zuci.

Ranar Asabar aka ɗaura auren Najmuddeen, da wata motar. Ranar Lahadi, ina dawowa daga coci, na same shi a ƙofar gidan makoki da babbar riga, ƙamshin turarensa ya cika layi. Ya yi gaisuwa yadda ake yi. Sannan ya ja yayan Nata'ala gefe, daidai inda nake wucewa, yana cewa a shaida shi fa bai ce a fita da motar daga gari ba, kuma in an buɗe garejin a duba masa ainihin salansar da aka cire, ta kamfani ce, ba a samunta a nan.

Ban san lokacin da na shiga garejin ba. Na jawo salansar daga ƙarƙashin benci, na ja ta a ƙasa tana ƙara, na jefar a gabansa, ƙura da tsatsa suka bi farar shaddarsa.

"Ga shi. Duk Jimeta sun san ka fito."

Maza suka yi ta ba ni haƙuri, wai wurin makoki ne. Ya ɗauka kuwa. Wannan ne abin da har yau ba na mantawa, ya sunkuya ya ɗauka, ya sa a but.

Amma kalma ɗaya da ya faɗa ta bi ni gida. Shi bai ce a fita da ita daga gari ba, gaskiyarsa. Kwana tara ina kai wa Zulfa abinci, in ajiye a bakin ƙofa in juya da sauri kamar na bar wani abu a wuta. Masu zuwa gaisuwa kuwa tambaya ɗaya suke ta maimaitawa, me ya kai shi can, shi da ke da titinsa a bayan gida? Ina ji, ina yin shiru.

A rana ta goma na kasa. Na same ta ita kaɗai a rumfa da rana tsaka, da hijabin takaba, ta baza zogale a faifai tana tsinka. Na tsaya a kanta na faɗa mata duka, yadda ya roƙe ni safiya ɗaya, yadda na hana, da kalmomin da na yi amfani da su, ban rage ko ɗaya ba. Na ce in za ta tsine mini ta tsine, ya fi mini wannan gaisuwar da take yi mini kullum.

Ba ta ɗago ba. Ta gama zage reshen da ke hannunta, ta ajiye tsinken a gefe.

"Adda, ya dawo daga wurinki ya ce mini zai lallaɓa ya yi a nan baya, sau biyu kawai, in kin tafi makaranta. Ni na ce a'a. Na ce ya ji tsoron Allah, ya yi yadda kika ce."

Ta matsa kaɗan a kan tabarmar, ta turo faifan tsakiya. Na zauna. Muka ci gaba da tsinka, ita ta wancan gefe, ni ta wannan, ganyen yana taruwa a tsakani.