Kan Ragon Toktosun

Taƙaitaccen bayani ga duk wanda abin ya shafa: a hunturun da na yi ritaya, ofishin jin daɗin jama'a na gundumarmu ya haɗa kai da sashen tallafi da na samar da aiki, domin mutum ɗaya ya dogara da kansa. An yi nasara. Daga bisani mutumin ya yi godiya, kuma daga godiyar ce al'amarin ya lalace. Ni Sagyn, akawun ofishin a lokacin, a gabana aka yi komai.

Umarnin da ya zo daga sama ya ce a daina yawo da mabuƙata daga wannan ƙofa zuwa waccan. Saboda haka aka tara tebura uku a ɗaki ɗaya. Na kusa da murhu na Mamatkul ne, jami'in jin daɗin jama'a, mutumin kudu, wanda ya tsufa yana hawan duwatsu zuwa gidajen da mota ba ta kaiwa. Na bakin ƙofa na Ermek ne, saurayi sabon fitowa daga jami'a, mai nema wa mutane aiki. Teburin tallafi kuwa ba ya motsi sai da sa hannun Mamatkul.

Toktosun makiyayi ne da ƙanƙara ta kashe masa garke, matarsa kuma ta tafi Rasha ƙwadago ta bar masa yara. Shekara da shekaru Mamatkul ke ɗawainiya da shi: gawayin hunturu, tallafin yara, da gurbi a gidan reno ga autarsa Nurzat. "Toktosun ɗina" yake ce masa. Ermek bai yi wata da zuwa ba ya samo masa aikin hura wutar tukunyar ɗumama makarantar ƙauyensu.

"Baike, kai shekara nawa kana shan shayi a gidansa?" in ji Ermek yana dariya, don haka yake kiran Mamatkul, wato yaya. "Ni waya ɗaya na buga."

"Wayar taka ce ta kai 'yarsa asibiti a kan doki?"

"A'a, ita albashi take kawowa."

Don godiya, Toktosun ya yanka ragon da ya rage masa, ya gayyace mu. A kwarinmu ƙashin ƙugu ake ba babban baƙo, kai kuwa na ƙaramin cikin maza ne, shi zai yanyanka ya raba. A kudu dattijo ake miƙa wa kai. Toktosun ya ajiye ƙugun a gaban Mamatkul da hannu biyu, ya miƙa wa Ermek kan. Nan take Ermek ya rungumo mai gida, ya ɗaga kan ragon, aka ɗauke su hoto. Ni haƙarƙari aka ba ni, kuma babu wanda ya tambayi ra'ayina.

A hanyar komawa na ga Mamatkul ya ɗaure fuska, sai na kira shi da laƙabin da muke ba dattawa, na ce, "Aksakal, kai aka girmama. A nan ƙugu ya fi kai."

"Na sani, Sagyn. Ba jiya na zo ba." Ya ja hularsa. "Ka taɓa ganin an ɗauki hoton ƙugu?"

Hoton ya shiga rahoton gunduma, aka kuma manna shi a bangon ofis, daidai saitin teburin Mamatkul.

Ƙa'ida ta ce a ci gaba da ba sabon ma'aikaci tallafi har ya karɓi albashin farko, muddin jami'in jin daɗi ya ba da shawarar haka. Mamatkul bai bayar ba. Ya rufe fayil ɗin Toktosun, kuma da rufe shi gurbin Nurzat a gidan reno ya faɗi.

"Ka jira ya ga albashi mana, baike," in ji Ermek.

"Ai ya zama naka, ƙanena. Ga ku can a bango. Buga masa waya."

Toktosun ya shiga zuwa aiki da yarinyar, shugabar makaranta ta hana, domin ɗakin tukunya ba wurin yaro ba ne. Ya riƙa barin ta a gida mara gawayi, har zazzaɓi ya kama ta. Ya zauna jinya, wutar tukunya ta mutu, ruwa ya daskare, bututu suka fashe. Aka sallame shi.

Ran da ya dawo ofis, hula a hannu, ya wuce teburin Ermek kansa a ƙasa saboda kunya. Mamatkul ya miƙe, ya ba shi kujerarsa ta kusa da murhu, ya zuba masa shayi da kansa.

"Zauna, Toktosun ɗina. Yaya jikin Nurzat? Kar ka damu, ina nan."

A makon aka sake buɗe fayil ɗin, aka kai gawayi, yarinyar ta koma gidan reno. Tun da nake aiki da Mamatkul ban taɓa ganinsa da kuzari irin na wannan mako ba.

Abin da al'amarin ya ci shi ne: rago ɗaya, wanda shi ne na ƙarshe, aiki ɗaya, bututu tara, karatun mako guda na ɗaliban ƙauyen, da tarin da Nurzat ta sha har bazara. Hoton, ni na cire shi daga bango.