Ciwon Rediyon Datti

Hansai ba ta yarda da mai gyara ba, ko na agogo ko na keken ɗinki, balle na rediyo da zai cusa hannu inda idonka bai kai ba. Shi ya sa kafin ta ɗauki rediyon marigayi mijinta Datti daga Malali zuwa shagon Markus a Kurmin Mashi, sai da ta kwance bayansa ta ɗiga wa kowace kwalba jan farce. Kwalabe shida ne a ciki, masu kama da ƙwan fitila. Maƙwabciyarta Uwani ce ta ba ta dabarar, ta ce masu gyara kan zare na ainihi su sa na banza.

Rediyon tsohon yayi ne, akwatin katako mai nauyi kamar turmi, da koren ido a goshi. Datti ya saye shi tun kafin 'yancin kai, yana ƙaramin akawu. Yanzu kowa ya koma wa ƙanana masu batir da suka cika Babbar Kasuwa, amma ita shi kaɗai ya rage mata na mutumin nan, sauran kaya an raba gado. Ranar da rediyon ya yi shiru gaba ɗaya, ko abinci ba ta ci ba.

Bayan mako guda ta koma. Markus ya kunna yana murmushi. Koren idon ya haska a hankali, sai ga muryar mai karanta labarai tar. Hansai ta murtuke fuska.

"Malam Markus, wannan ba nawa ba ne."

"Haba Hajiya! To na wane ne?"

"Buɗe bayansa."

Ya buɗe. Kwalabe shida, kowace da ɗigonta ja. Ta shafa saman akwatin, ga tabon da maganin sauro ya taɓa ƙonawa. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ai wanda ya iya musanya kwalba ba zai gagara sayen jan farce ba.

Ta ce, "Nawa ba ya magana haka siddan. Sai ya yi ɗumi, ya yi ta gunji, sannan a mare shi sau biyu ta hagu."

Markus ya tuntsire da dariya. "Ashe! Ai wannan ciwo ne, Hajiya. Gindin kwalba ɗaya ne ya saki, na matse shi. Gyara na ƙara miki a kan gyara."

Hansai ba ta yi dariya ba. Shekara ashirin, kullum da safe daga kicin take jin marin nan biyu da muryar Datti yana cewa, "Tashi, malalaci," sai ta san ya zauna, ta kai masa shayi. Tun rasuwarsa ita ke marin.

Ta ce, "Ka yafe mini zargin da na yi maka. Amma don Allah ka mayar masa da ciwonsa."

Markus ya dube ta, dariyar ta ɗauke. Ya kashe rediyon, ya jira ya huce, ya sa hannu ya sassauta abin da ya matse. Da ya sake kunnawa sai gunji kawai. Ya ja da baya, ya mai da hannuwansa baya.

Hansai ta matso, ta mari rediyon sau biyu ta hagu. Ya yi magana.