Gardamar Rai-Ɗore

"Tallabo mishi kai, Malam Tanimu, ni ya ƙi sha a hannuna," in ji Dela, riƙe da ƙoƙon dafaffen rai-ɗore.

Mijinta Abarci na kwance bisa tabarma, ciwo ya cinye shi, lokotoron asibiti ya riga ya sallamo shi gida. Tanimu maƙwabcinsa ya durƙusa ya tallabe shi. Tun suna da baƙin gemu suke gardama kan ganyen nan mai fure ruwan ɗorawa da ke tsirowa bayan kowace katanga a Dakoro. Abarci ya rantse kakansa na Korahane ne ya raɗa wa ganyen suna: an fara haƙa wa tsohon kabari, aka ɗura masa ruwan ganyen, ya tashi zaune ya ce, "Rai ya ɗore! Ina furata?" Tanimu kuwa ya kafe kakarsa ce, ungozoma a Ɗan Gulbi, take faɗa wa masu jego haka in ta shayar da su.

Abarci ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Kakana ne dai," ya ce da ƙyar.

Tanimu ya dubi wuyansa da ya zama kamar kara, tausayi ya kama shi. "To, na yarda. Kakanka ne."

Abarci ya zaro ido. "Dela! Kin ji? Ya yarda! Ashe mutuwa zan yi, kuke ɓoye mini?"

"Haba, Malam..."

"Mutumin da bai taɓa yarda ko da ranar kasuwa ba!"

Tanimu ya ga ya yi ɓarna, ya ɗaga murya. "Wane kakanka? Wanda ko ganyen tafasa bai iya bambancewa da rai-ɗore ba? Fura kawai ya sani!"

Nan fa Abarci ya samu ƙarfi. Ya shanye ƙoƙon tas, ya zagi ungozomomin Ɗan Gulbi kaf, har Dela ta fita tana dariya tana share hawaye. Ya gaji, ya ce a kwantar da shi, gobe zai kawo shaidu.

Bayan la'asar ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Tanimu bai zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba. Ya zagaya bayan katangar da ta raba gidajensu, inda damina ta cika wurin da furanni, ƙudan zuma na ta shawagi.

"Ɗan Gulbi ne," ya ce a hankali. Ya ɗan tsaya, kunnensa wajen katanga.