Masu Jinya a Ɗakin Famfo

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Tanki ya yi yana wanke tankunan ɗakin bincike. Jirgin ruwa ya kife da shi sau uku, ya ga bayan daraktoci huɗu, bai taɓa zama a aji ba, amma dabba ko ɗaya ba ta taɓa lalacewa a hannunsa ba. Wanda bai tambaya ba ma sai ya ji.

Dakta kuwa, mai bincike a ɗakin, sai ramewa take yi. Aikinta ta ɗauki ƙwan tauraruwar teku, wata halitta mai hannu biyar, ta soka masa allurar da ta fi gashi siranta, ta datse ƙwayar gado guda, don ta gano yadda kakannin kakanninsu suka fara yin hannu. In aiki ya ci, 'ya'yan za su fito da hannu uku ko bakwai. Shekara uku tana suka, kullum biyar cif.

Ranar Laraba ta same shi yana goge gilashi.

"Baba, jibi za a rufe ɗakin nan. Sun ce ban iya ba."

"Wa ya isa, 'yata? Su zo su duba tankina! Nakasasshe ko ɗaya babu. Da na hango mai hannu uku, kafin ki iso na tsame shi, na gangara bakin teku na kamo lafiyayye na saka."

Dakta ta laluba bokiti ta zauna.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun zuwanki. Ba sai kin gode ba."

"Ina ka kai su?"

"Ni ba na kisa. Suna jinya."

Ya ja ta zuwa ɗakin famfo. Baho shida ne a jere, ruwan gishiri na kwarara a ciki. Masu hannu uku ya ƙara musu biyu na tsinken tsintsiya, ya ɗaure da roba. Masu bakwai ya naɗe rarar da zare ta ƙasa, kada su ji kunya. Akwai wani kamar maɓallin riga, ba hannu sam.

"Wannan kam ya gagare ni," in ji Baba, murya ƙasa ƙasa.

Dakta ta durƙusa tana ƙirgawa, tana dariya, hawaye na ɗiga cikin bahon. Ɗari biyu da sha huɗu! Ta rungumi baho za ta ruga ofishin Darakta, Baba ya tare ƙofa da sandar goge-goge.

"Ina zuwa? Ban sallame su ba."

"Baba, don Allah! Gani kawai zai yi, ya fasa rufewar."

"Da tsinkensu?"

"Dole a cire."

Ya janye sandar daga ƙofar.

"To. Minti goma. In ya gama kallo, ke da shi za ku mayar wa kowa hannunsa. Kuma ya wanke hannu tukuna, ban yarda da tsabtar mutumin nan ba."