Askar Rabi'u a Hawa na Tara

Ni Souley, jinina ba ya tsayawa. Likitocin New York suna ce wa abin hemofiliya, Innarmu a Maradi kuwa "kada ka faɗa wa kowa" take ce masa. Sau biyu a mako nake yi wa kaina allura a jijiya, gwiwata ta hagu kamar kabewa, amma a wurin mutanenmu faɗuwa na yi daga babur. Shekara ashirin ke nan ina faɗowa daga babur ɗin nan.

Inna ta rantsar da mu ne saboda ƙanwata Habsatou, wai in aka ji ba mai aurenta. To, ta auru. Mijinta Kassim ya kawo ta unguwar Concourse Village a nan New York, ta haifi namiji. A asibiti an tambaye ta ko akwai mai ciwon jini a dangi, sai dai Kassim ne mai fassara, don haka ta ce babu.

Nas ɗina, wata 'yar Jamaika mai faɗan tsiya, ta daɗe da gaya mini cewa ta wajen uwa abin yake bi. Ɗan ƙanwata yana iya ɗauka, yana iya tsira. Ta ce a kawo shi gwaji kafin ko farce a yanke masa. Na ce to, na tafi na yi shiru, don ni matsoraci ne.

Ranar suna na hau hawa na tara inda suke zaune ina ɗingishi, na tarar da Rabi'u ya baje kayansa a kan tabarma. Rabi'u kayan matafiya yake lodi a filin jirgi, amma Asabar da Lahadi wanzami ne, gadon gidansu. Uwar Kassim, Hajiya Aïchatou, wadda ta zo daga Zinder takanas, tana tsaye a kansa kamar mai gadin banki.

"A yi aski, a cire beli," in ji ta. "Duk 'ya'yana an cire musu, ga su nan garau."

Habsatou tana riƙe da jaririn, ta dube ni. Rabi'u ya ɗauko ɗan ƙarfen da ake sa wa yaro a maƙogwaro.

"Malam Rabi'u, ajiye ƙarfen nan," na ce.

"Kai kuma a su wa?" in ji Hajiya.

"A kawunsa, Hajiya." Na naɗe wando, na ɗora gwiwar a kan tebur kusa da tiren masa. "Ban taɓa hawa babur ba. Jinina ne ba ya tsayawa. Wanmu yana da shekara bakwai aka yi masa kaciya, bai tashi ba. Ni tawa sai a garin nan aka yi, da gemuna, likitoci uku a kaina."

Wani ya tuntsire da dariya, ya haɗiye ta. Kassim ya juya wajen matarsa.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne," ta ce, ba ta sunkuyar da kai ba.

Rabi'u ya naɗe kayansa tsaf, ya ce ko gashi ɗaya ba zai taɓa ba sai ya ga takardar likita, sannan ya ja tiren masa gabansa.

Gwaji ya nuna yaron yana da ciwon. Kassim ya yi mako uku ba ya amsa sallamata, amma shi yake kai su asibitin masu ciwon jini, inda ake koya musu allurar da yadda za su gane kumburi. Hajiya kuwa ta gano taron iyaye na wata-wata a asibitin. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma tana zuwa ta yi wa kowa faɗa, ta kwaso biskit a jaka.

Saura Inna. Na kira ta na shirya shan tsinuwa, na faɗa mata komai. Wanmu ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko da yana raye.

"Ba su yanke shi ba?" ta ce.

"Ba su yanke shi ba, Inna."

"Mahamudu kwana biyu ya yi a cinyata," ta ce. "Zane huɗu na canza."