Tsagar da Babu

Komai ya lalace ne ranar da Fridolin ya kawo ƙahonsa na busa gyara.

Fridolin ƙanin Theres ne, matar Meinrad da ta rasu. Kowace shekara, idan ƙanƙara ta narke, yakan kora shanun ƙauye zuwa saman dutse ya zauna da su shi kaɗai har sanyi ya dawo. Meinrad kuwa masassaƙi ne, shi ya sassaƙa wannan ƙahon da hannunsa daga itacen da ƙanƙara ta lanƙwasa tun yana ƙarami. Tsawonsa ya kai na mutum biyu, sai da aka buɗe taga kafin ya shiga shagon Meinrad.

"Mijin Yaya, wannan tarkacen naka ya fara yoyon iska," in ji Fridolin. "In na busa, ko akuyar maƙwabci ba ta waiwaya."

"Akuyar tana da kunne ne. Wa zai waiwaya saboda busarka?"

"Kai dai duba. Jibi zan hau."

Meinrad ya fita da ƙahon tsakar gida, ya dasa faffaɗan bakin ƙahon a ƙasa, ya busa. Muryar ta fita garau, ta daki dutsen da ke ƙetare ta dawo. Ƙaho lafiyarsa lau. Ya miƙa wa Fridolin. Shi kuma ya ja numfashi, ya busa, muryar ta tashi kaɗan ta karye. Ya dafa bango yana haki, leɓunansa sun yi duhu.

Meinrad ya san wannan duhun. Haka na Theres suka yi. Ita an kai ta babban asibiti, likitoci suka ba ciwon suna mai tsawo, suka kwantar da ita a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci, a can ta cika. Ya san kuma idan ya faɗi gaskiya yau, bana wani ne zai hau da shanun.

"Ka gani ko?" Fridolin ya ce. "Kai ka saba da halinsa, shi ya sa yake maka biyayya."

"Akwai tsaga," in ji Meinrad, yana shafa ƙahon don kada su haɗa ido. "'Yar ƙarama, a ƙarƙashin naɗin ɓawon gorar da ke jikinsa. In ka sauko sai in kwance in gyara."

"Na faɗa maka! Tsufa ya kama hannunka, tsoho."

Suka sha kofi. Fridolin ya tafi da ƙahonsa a kafaɗa yana murmushi.

A kwarin nan al'ada ce, makiyayin da ke sama yakan busa da yamma bayan tatsa, na ƙasa su san shi da shanu suna lafiya. Wanda ya ji kuma ya iya, sai ya amsa. Idan aka ji shiru, hawa ake yi a duba. Meinrad ne mai amsa wa Fridolin tun suna da baƙin gashi.

A makonnin farko busar takan iso, ko da a gajarce. Daga baya ta koma kamar maganar mutumin da ake katsewa. Meinrad ya fara gajarta tasa amsar, don kada bambancin ya fito. Kullum in ya jingine ƙahonsa sai ya ce ranar Lahadi zai hau ya faɗa wa Fridolin gaskiya. Lahadin ta zo da ruwan sama. Ta gaba kuma ciwon gwiwarsa ne. Mutumin da ya karanta littattafai da yawa irin Meinrad ba ya rasa dalili.

Wata yamma aka ji shiru.

Vreni, maƙwabciyarsa, ta leƙo ta kan shinge tana goge hannu.

"Baba Meinrad, surukinka bai busa ba. A tayar da maza?"

"Ƙahonsa ne ya tsage," ya ce. "Ni na gani da idona."

Ta koma ciki hankalinta kwance. Ai masassaƙin ne da kansa ya faɗa.

Da gari ya waye Meinrad ya kama hanya. Tun daga nesa ya ji kukan shanun da ba a tatsa ba, sun taru a bakin bukka ƙararrawarsu na kaɗawa. Fridolin yana zaune a kan benci, bayansa jingine da bango, hularsa ta zame gefe. Ƙahon na kwance bisa cinyarsa tsirara. Ya kwance naɗin gaba ɗaya, ɓawon gorar ya zube a ƙafafunsa, ga gwangwanin gam a gefe bai ko buɗe ba. Neman tsagar yake yi.

Meinrad ya taɓa hannunsa. Bai daɗe da yin sanyi ba.

Shanun suna ta kuka, don haka ya ɗauko bokiti ya tatse su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya dawo ya zauna a ƙarshen bencin. Maganar ba ta da tsawo, da a shagon ya faɗe ta ko kofin bai huce ba: Fridolin, babu tsaga, ƙirjinka ne, kada ka hau bana.