Taken Baba Uwaisu a Filin Ƙwallo

Shekarar da fari ya sake dawo mana, mu mutanen Gidan Ɗorawa mun cinye komai, har irin geron da muka rataye a rufin ɗaki don shuka. Ba wanda ya zargi wani, kowa ya san abin da ya sa ya sauke nasa. Sai ga damina ta ƙarato, hadari ya fara haɗowa daga gabas, mu kuwa hannu ba ƙwaya. Ana cikin haka labari ya zo cewa za a yi nunin kayan gona a Ɗanbatta, har da gasar kiɗan noma, kuma ƙungiyar da ta zo ta ɗaya za a ba ta buhunan irin gero ta kai ƙauyensu.

Ni Hadi, ni ne sanƙiran ƙungiyar Ɗanliti, wato ni ke wage baki in faɗa wa jama'a abin da ganga ke cewa. Ɗanliti shi ne mai babbar ganga, mutum ne da in ka yi masa tambaya da hantsi sai la'asar za ka ji amsa. Gangunanmu sun daɗe a rataye, don wa zai kira gayya alhali ba shi da furar da zai dama wa manoma? Da muka sauke su, ɓera ya riga ya yi buki da fatun. Amma fata ita kaɗai ta yi araha a shekarun nan, saboda dabbobi sun faɗi, don haka kafin mako ya zagayo mun sake ɗaure su.

Sauran magana ita ce me za mu kaɗa. Na ce mu ƙirƙiro sabon abu mai tsalle-tsalle, irin wanda alƙalan birni ke so. Ɗanliti ya ce a'a, Zagayen Gandu za mu tayar. Wannan kiɗan mahaifinsa ne tun zamanin da gyaɗa ke tashe. Jerin take ne na manyan manoman yankinmu, ana kaɗa na wannan a wuce na wancan, kowane manomi in ya ji nasa sai ya duƙa da garma ya ja kunya har gefen gona. Na ce masa ai masu taken duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce to sai mu tuna wa 'ya'yansu. Muka lissafa su, ba wanda ya rage sai Baba Uwaisu, shi ma an ce ya koma wajen 'yarsa, ko ƙofar gida ba ya fitowa.

Ranar gasa an wayi gari da yayyafi, ƙasa ta ɗan yi laushi. A filin ƙwallon wata firamare aka yi taron. Gefe guda an jera garemani da fartanyu da sungumi don nuni, kayan aiki dai sun fi amfanin gona yawa a wurin. Alƙalai uku suna zaune ƙarƙashin rumfa: malamin gona, da wani mai tabarau daga Kano, da hedimasta Malam Khalilu, wanda ya ajiye ƙararrawar makaranta a gabansa. Shi ya karanta doka. Ya ce kowace ƙungiya tana da lokacinta, da zarar ƙararrawa ta buga a ɗauke hannu, wanda ya ƙara ko bugu ɗaya ya fita daga gasa.

Mutanen wani makaɗi Basiru daga wajen Zakirai su suka riga mu. Sun sha riguna iri ɗaya, suna jefa gula, wato sandar kiɗa, sama suna cafewa, ɗayansu har ya yi alkafura da ganga a wuya. Mai tabarau ya yi ta gyaɗa kai. Gaskiya sun iya, sai dai kiɗan nasu ko akuya ba zai tayar daga kwance ba. Na faɗa wa Ɗanliti haka, bai ko dube ni ba.

Da aka kira mu, Ɗanliti ya saki gangar nan, sai na ji tsigar jikina ta tashi, ni da nake jin ta tun ina rarrafe. Take na farko, wani dattijo ya cire hula ya ce na kakansa ne. Na biyu, mata suka ɗauki guɗa daga bayan dandali. Malamin gona ya manta shi alƙali ne, ƙafarsa tana ta aiki a ƙarƙashin tebur. Na leƙa na ga buhunan irin a jingine da rumfa, na fara raba su a zuciyata, gida gida.

Sai muka shiga taken Baba Uwaisu. Na buɗe murya: "Uwaisu na Fadima, mai ja wa rana kunya ta bi!" Ban rufe baki ba na ga jama'a suna darewa. Wani tsoho ne ya fito, siriri kamar karan dawa, rigarsa ta yi masa yawa. Ashe gidan 'yar tasa yana bayan makarantar ne, kiɗan ya iske shi har tabarmarsa. Ya wuce kai tsaye wurin kayan nuni, ya ɗauki garma, ya tofa yawu a hannu, ya duƙa daidai bakin raga. Ya fara huɗa a filin ƙwallo.

Wurin ya ɗauki dariya da tafi. Ni ma na dara, don na ga fuskar hedimasta yana kallon filinsa ana yi masa kunya. Amma tsohon ba wasa ya zo yi ba. Sara ɗaya, ya numfasa, ya ja ƙafa, ya sake sarawa. Ɗanliti ya sassauta hannu ya daidaita bugunsa da saran garmar. Baba Uwaisu bai kai tsakiyar fili ba ƙararrawa ta buga.

Na matsa kusa da kunnen Ɗanliti na ce, "Ɗauke hannu, an buga."

Ya ce, "Mutum yana tsakiyar kunya."

Na ce, "Iri, Ɗanliti. Ka tuna iri."

Ya ci gaba da kiɗansa. Malam Khalilu, Allah ya saka masa, ya taso da kansa ya zo ya tsaya gabanmu. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam Ɗanliti, ku ne kan gaba. In ka tsaya yanzu, zan ce amon ganga ne ya hana ku ji."

Ɗanliti ya ce, "Na gode, Malam. Amma a gidanmu ba a yanke wa manomi kiɗa sai ya kai gefe. In na tsaya, na gaya wa duniya ya gaza ke nan."

Wallahi a lokacin da na samu gula da a kan Ɗanliti zan ƙwala ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tuna gonata da ke jiran shuka, na tuna bakunan da na baro a gida. Sai na dubi tsohon, ya ɗan ɗago kai yana sauraren ko kiɗan na nan. Na ci gaba da yi masa kirari, da ƙarfi fiye da ɗazu.

Dariya ta mutu a filin. Mutane suka bi shi a hankali ta gefe da gefe, ba mai taɓa garmar. Har makaɗan Basiru sun ajiye gula sun tsaya kallo. Da ya kai ɗaya ragar, ya miƙe ya ɗaga garma sama iya ƙarfinsa, Ɗanliti ya rufe da bugu uku kamar yadda ubansa ke yi.

Sakamako bai ɗauki lokaci ba. Malam Khalilu ya ce a kiɗa ba wanda ya kamo ƙafar Gidan Ɗorawa, amma doka an karanta ta gaban kowa, don haka mutanen Basiru ne suka ci. Ba mu yi gardama ba.

Muka je gaida Baba Uwaisu inda aka zaunar da shi ana ba shi ruwa. Bai san ma an yi wata gasa ba. Ya kama hannun Ɗanliti ya jujjuya, ya ce hannun ubansa ne sak. Sannan ya nuna kunyar da ya ja, miƙaƙƙiya daga raga zuwa raga, ya ce, "Ƙasa ta yi daɗi, ɗana. Ka ce wa yara su kawo iri a zuba kafin ta sha iska."

Ɗanliti ya durƙusa ya ce, "To, Baba."

A bayansa ana ɗora buhunan a motar mutanen Zakirai.